Malam Dalhatu da Ajiyar da Ba Ta Son Ƙanƙara

Idan ka bi ta layin kamfanoni na Sharada a watan Afrilu, rana tana dukan kwalta har tana laushi, ka ga wani dattijo siriri ya fito daga wata ƙofar ƙarfe da kwat biyu a jikinsa, da hular ulu, da safar hannu, yana hura yatsunsa, kada ka tsaya yi masa sannu da jiki. Lafiyarsa ƙalau, wataƙila ma ya fi ka. Malam Dalhatu ke nan, mai kula da ɗakin sanyi na wani kamfanin kifin ƙanƙara, inda ni ma nake jan motar raba kaya shekara goma sha ɗaya ke nan. Sule direba ake ce mini. A Kano kaf ban san wani mutum da yake fita rana don ya huta ba sai shi.

Ɗan asalin Sharada ne, tun tana ƙauye. Mahaifinsa manomi ne, gero da rogo, kuma Malam ya tabbatar mana cewa daidai inda janaretan kamfaninmu yake ruri yanzu, nan tsamiyar gonarsu take. Idan janaretan ya ƙi tashi sai ya ce ba laifin injin ba ne, wurin ne bai saba da hayaniya ba. Allo ya yi, ya sauke, boko kuwa bai leƙa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga wata masaƙa a Bompai, ya yi shekara goma sha shida a gaban injunan da ba ka jin maganar kanka, shi ya sa har yau idan zai gaya maka sirri, masu gadin kamfanin da ke maƙwabtaka da mu ma sai sun ji. Da masaƙar ta tsaya, ya koma wani kamfanin fata a Challawa, ya ɗauki iyalinsa ya koma Panshekara. Shekara huɗu ya yi, tari ya kore shi. Daga nan ya zo wurinmu a matsayin mai ɗaukar katan. Masu kula da ɗakin suka yi ta zuwa suna gudu, wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce ƙirji, shi yana nan, har aka waiwaya aka ga babu wanda ya san ɗakin kamarsa, aka miƙa masa mukulli. Shekara ashirin da uku ke nan.

Malam ba ya kallon ɗakin sanyi a matsayin sito. Gida ya ɗauke shi, kuma haka ya raɗa wa sassansa suna. Ɗakin farko da za ka shiga, mai sanyi kawai irin na firij, inda ake ajiye tuffa da yogot na wasu 'yan kasuwa, shi ne zaure. Ka tura ƙofa ta biyu mai kauri, ka shiga tsakar gida, inda gashin hancinka yake sandarewa kafin ka gama sallama. Can ciki kuma, ƙarƙashin manyan fankoki, akwai wata kusurwa da ta fi ko'ina sanyi. Ita ce turaka. A wurin Malam, sanyi daraja ne. Wanda ake girmamawa a kai shi ciki, wanda ake haƙuri da shi a bar shi kusa da ƙofa. Jatan landen da otal-otal suke saye yana turaka. Kifin talakawa yana tsakar gida. Hajiya Fanna, mai sayar da kifi a Dorayi, ta shekara tara tana faɗa a kan a matsa da katan-katan ɗinta ciki, ta kai ƙara wurin manaja sau uku, har yanzu tana layi na biyu daga ƙofa, saboda ta taɓa kiran Malam mai gadi.

Da Babbar Sallah kuwa rabin Panshekara ke zuwa da naman layya. Manaja ya daɗe da kau da kai. Malam ba ya buɗe ƙullin kowa, ba ya tambayar abin da ke ciki, tsumma kawai yake ɗaura wa kowanne, kowane gida da launinsa. A shekara ashirin da uku ko ƙafar kazar wani ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba. Ba ya faɗin haka da bakinsa. Mu yake bari mu faɗa, shi kuma ya riƙa kallon gefe kamar ba da shi ake ba.

Wannan tarihin ne ni Sule na kusa rusa masa a wata Juma'a, tare da karatun 'yar yayata.

Rufaida sunanta, 'yar Yaya Binta ta Na'ibawa. Digiri na biyu take yi a kan garkuwar jiki, kuma tun da ta fara, duk wanda ya yi atishawa a gidan sai ya ji lacca. Ni ma na ji tawa wata Asabar, ina cin wake da shinkafa. Wai a jinin kowane ɗan Adam akwai wani sinadari da hanta take yi, ba sai an yi wa mutum allurar rigakafi ba, da shi yake tashi. Sunansa MBL. Aikinsa gadi. Ƙwayoyin cuta da yawa suna da wani irin sukari jere a bayansu, jerin da jikinmu ba ya yin irinsa. Shi wannan mai gadin ba ruwansa da tambayar suna ko daga ina kake, da ya ga rigar sai ya cafke, ya kira sauran dakarun jiki su zo su ƙarasa. Wasu mutane suna da shi da yawa, wasu kaɗan, gado ne kamar tsawo.

Abin da Rufaida take son sani shi ne wannan. A kamfani ɗaya, ɗaki ɗaya, iska ɗaya, za ka ga ma'aikaci ɗaya kullum yana fama da ciwon ƙirji ko ƙuraje, na kusa da shi kuwa ko mura ba ya yi. Shin yawan wannan mai gadin a jini yana da hannu a ciki, ko babu? Ta ce ita ma ba ta sani ba, shi ya sa za ta auna. Kuma ba a ganinsa da ido, ba a ɗora shi a sikeli. Sai an samo wani abu da ake kira antibodi, wanda ake haɗawa a ɗakunan gwaji na ƙasashen waje daga jikin ɓeraye, an tsara shi ya kama MBL kaɗai a cikin duk tarkacen da ke jini. Idan ya kama, sai a ɗiga wani ruwa, launi ya fito, ƙarfin launin ya nuna yawansa.

Na ce mata yanzu duk ɓerayen da ke kwatar Na'ibawa ba su isa ba sai an yi odar na Turai. Ta ce Kawu ka ci abincinka.

Shekara guda yarinyar nan ta yi tana yawo tsakanin Challawa da Sharada da takardun izini, tana lallashin ƙarti majiya ƙarfi waɗanda suke ɗaga buhu da hannu ɗaya amma su ga allura su nemi hanyar banɗaki. Malam Dalhatu ne ya taimake ta da tsofaffin abokan aikinsa na kamfanin fata. Ya bi su gida-gida a Panshekara yana cewa yarinyar kirki ce, ba sayar da jininku za a yi ba, ni na tsaya mata. Ta tara na mutum ɗari da tamanin da huɗu, ta tace, ta daskarar. Antibodin kuma ya ƙi zuwa. Yau takarda, gobe sa hannu, jibi jirgi. Wata bakwai cur kafin ya iso, kuma saura wata biyu wa'adin karatunta ya cika. Idan wani abu ya same shi, babu lokacin jiran wani. Shekarar ta tafi, kuma sai Malam ya koma ya gaya wa mutanen nan cewa sun ba da jininsu a banza.

Kwana huɗu da isowarsa, taransifomar da ke ba sashensu na jami'a wuta ta yi bindiga ranar Alhamis da yamma. Janaretansu yana jiran wani ƙarfe. Kafin safiyar Juma'a firij ɗin ɗakin gwajin ya fara ɗumi kamar tukunyar da aka sauke. Ta kira ni tana magana da sauri. Na biya da motar kamfani, na same ta a ƙofa da fararen akwatuna biyu irin marasa nauyin nan da ake zuba ƙanƙara, ta liƙe su da salatif. Ita ba za ta iya bina ba, akwai kayan sauran ɗalibai da suke ta neman inda za su kai.

Ta yi mini bayani sau biyu. Babban akwatin jini ne, a sa shi cikin ƙanƙara, iya sanyin da ake da shi. Ƙaramin shi ne antibodi, sanyin firij kawai yake so, idan ya daskare zai iya mutuwa.

“Kawu, maimaita mini.”

Na maimaita da muryar mai karanta labarai a rediyo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce Kawu don Allah. Na ce ke Rufaida, ni da nake raba kifi a unguwa goma sha ɗaya ba tare da takarda ba, saƙo mai jimla biyu ne zai gagare ni?

Na isa Sharada wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Malam ya fito, na sauke akwatunan, na buɗe baki. Na ba shi labarin taransifoma da yadda aka ce ta yi ƙara. Na ba shi labarin mai gadin da ke cikin jini, na ƙara gishiri. Na ba shi labarin ɓerayen Turai da suke da ofis da fanka. Na gaya masa wata bakwai, da jirgi, da sa hannu. Ana cikin haka manaja ya leƙo ta taga yana nuna mini agogo, kayan Dorayi suna jira kafin masallaci. Ina hawa mota Malam ya dafa ƙofar.

“A cikin biyun, wanne ne ya fi daraja?”

“Ƙaramin, Malam. In wannan ƙaramin ya lalace, yarinyar nan ta yi asarar shekara.”

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai. Na ja mota. Na faɗi abu ya fi talatin a wurin nan, guda ɗaya ne kawai ban faɗa ba.

Bayan la'asar Rufaida ta sauka daga adaidaita sahu a bakin get. Na dawo daga rabo, muna zaune a benci ni da Malam. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mahaifiyarta da karatu, ta yi godiya mai tsawo, sannan ta ce bari ta duba. Ta shiga zaure. Muna jinta tana jan katan-katan na tuffa. Ta fito.

“Baba, ina kuka sa ƙaramin?”

Malam ya yi murmushi. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na lokacin ba. Ya ce ai baƙo irin wannan ba a barinsa a zaure. Ya ce ya ɗage jatan landen otal da hannunsa, ya sa shi a turaka, daidai ƙarƙashin fanka, wurin da ko manaja bai taɓa samu ba.

Rufaida ba ta yi ihu ba. Na fi son a ce ta yi. Wani katan da babu komai a ciki ta samu ta zauna a kai, ya lotsa da ita, ba ta ma lura ba. Ta juyo ta dube ni. Ni kuma na gano cewa akwai wani abu mai muhimmanci a jikin tayar motata da ya kamata in ƙura wa ido. A hankali ta gaya wa Malam cewa abin ba ya son ƙanƙara, kuma ta ce ta faɗa wa Kawu sau biyu.

Awa biyar ke nan yana ciki.

Malam bai tsaya sa safar hannu ba. Ya shiga, muka ji ƙofa ta biyu ta bugu, ya fito rungume da wani ƙulli da ya kai girman tunkiya. Rufaida ta ce ba wannan ba ne, nata ƙarami ne. Ya ce shi ne. Ya ajiye a zaure ya fara kwancewa. Igiya. Buhun algarara. Wani buhun. Tsohon kwat ɗinsa na uku. Bargo. Wani bargon. Leda mai kauri ninki biyu. Sai can a tsakiya ga ɗan farin akwatin, kamar jaririn da kakarsa ta shirya shi zuwa asibiti.

Na tambaye shi wannan kuma na mene ne. Bai dube ni ba, Rufaida ya gaya wa. Ya ce shekararsa ta farko a nan, wanda ya riga shi riƙe mukulli ya karɓi ajiyar man shanun wata mata, kwana biyu aka mayar mata yana ƙarnin kifi, ta tsaya a bakin get ta yi masa tas. Tun daga ranar, duk abin da ba kifi ba ne, idan zai wuce ƙofa ta biyu sai ya naɗe shi. Ya ce ya yi tunanin kayan asibiti ne, kada a buɗe a gaban manyan malamai a ji ƙarni a ce daga hannun Dalhatu ya fito, shi ya sa ya ƙara bargo ɗaya.

Rufaida ta yanke salatif. Ledojin ruwan sanyin da ta jera a ciki, gefensu da ke jikin bango ya fara tauri, tsakiyarsu kuwa da laushi. Ta fito da 'yan kwalabe, ba su fi yatsa ba, ta ɗaga kowacce a haske ta karkata. Ruwan yana motsi. Ma'aunin zafin da ta sa a ciki yana kan ɗaya, saura ƙiris ya taɓa sifili.

Na ce alhamdulillahi, shi ke nan, a tafi gida. Ta ce ba shi ke nan ba. Ma'aunin abin da ake ciki yanzu yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya wuce. Akwai wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, wadda ita ce take sa launi ya fito, tana kusa da bango, kuma za ta iya yin ƙanƙara a gefe ta narke kafin a gama kwance barguna. Ido ba zai gane ba. Sai an gwada, gwaji kuma sai da wuta, wuta kuma an ce sai Litinin in Allah ya so.

Kwanakin nan ba na son in sake ganin irinsu. Malam ya share wuri a zaure, nesa da ƙofa ta biyu, ya ɗora akwatin a kan katako, ya rataya ma'auni a gefensa. Duk rabin awa sai ya shiga ya duba. Ranar Lahadi ba ma aiki, amma ya zo. Muryarsa ta masaƙa ta ɓace, sai ka matso kafin ka ji shi. Hajiya Fanna ta zo ɗaukar kaya ranar Asabar ta tsokane shi kamar kullum, bai tanka ba, ta fito tana tambayata ko rasuwa aka yi masa. Matarsa, Inna Maimuna, ta kira ni ta ce me na yi wa mijinta, tuwo yana komawa kicin yadda ya fito. Yaya Binta kuwa ta kira ni sau huɗu. Ta fara daga ranar da aka aike ni sayen gishiri ina ɗan shekara bakwai na dawo da labarin faɗan 'yan dambe babu gishiri, ta biyo tarihi a jere, ba ta tsallake ko shekara ɗaya ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai, Malam ya ƙi ya ga laifina. Na same shi na ce Malam ni ne ban faɗa ba, ka zage ni mu huta. Ya ce a'a. Ya ce ajiya idan ta shiga hannun mutum ta zama tasa, shi ya kamata ya tambaya me take so, sai ya tambayi darajarta. Ya ce shekara ashirin da uku yana zaton duk abin da ya shigo ƙofar nan sanyi yake nema, iya wanda aka samu. Sannan ya ce abin da yake tunani shi ne fuskar mutanen Challawa, da wane baki zai je musu.



Wuta ta dawo Litinin da yamma. Talata da safe Malam ya nemi izinin fita, manaja ya tambaye shi sau biyu don bai taɓa jin haka daga bakinsa ba. Ya zo da farar shadda da hula zanna, ya shiga motata ya zauna a gaba, ƙaramin akwatin a cinyarsa, hannu biyu a kai. Duk ramin da na shiga sai ya dube ni. Ban kunna rediyo ba.

A sashensu ya ƙi shiga ɗakin gwajin, ya ce shi da ƙarnin kifi. Muka zauna a benci a baranda. Rufaida ta fito da farar riga ta nuna mana wani ɗan faranti na roba mai ƙananan ramuka casa'in da shida, kamar tandar masa ta aljanu. Ta ce ba za ta taɓa jinin mutane ba tukuna. Layi biyu kawai za ta ɓata, da wani ruwa da ya zo a cikin akwatin wanda an riga an san yawan MBL ɗin da ke cikinsa, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Malam ya tambaya idan abin ya mutu yaya ake ganewa. Ta ce launi ba zai fito ba, ko ya fito a raunane.

Ashe aikin nan rabinsa jira ne. A ɗiga, a rufe, a jira awa guda. A wanke. A ɗiga wani, a jira. A sake wankewa. Ta taga muke hangenta tana wanke farantin nan sau uku-uku kamar mai waswasin alwala. Na gwada hira da wani masinja, ban ji daɗinta ba, na bari. Malam yana jan carbi. Muka je muka yi azahar muka dawo, ana nan ana jira.

Wajen ƙarfe biyu ta buɗe ƙofa ta ce mu matso. Muka tsaya a bakin ƙofar, ni a gaba, Malam yana leƙe ta kafaɗata. Ta ɗiga wani ruwa fari tas a ramukan, ta sa farantin a aljihun tebur ta rufe, wai ba ya son haske. Minti goma sha biyar. Akwai agogo a bango, kuma na rantse wanda ya sayo shi ya sayo mai ciwon ƙafa.

Ta jawo aljihun. Ta daɗe tana kallo, bayanta muke gani. Sannan ta juyo da farantin a tafin hannu.

Shuɗi ne. Ramin farko shuɗi mai duhu, na biyu ya ɗan sassauta, na uku ya fi shi, haka suka sauko a jere har na ƙarshe da yake kamar ruwa. Na ji numfashin Malam a wuyana. Kafin wani ya yi magana, Rufaida ta ɗauki wani abin ɗigawar ta bi ramukan da sauri, ɗaya bayan ɗaya, kuma a gaban idonmu shuɗin nan ya koma rawaya.

Malam ya kama hannuna ya matse.

“Inna lillahi. Ya juya.”

A wurinmu, idan ka buɗe katan ka ga cikin kifi ya yi rawaya, magana ta ƙare, sai a kira masu kaji. Rufaida ta dube mu, ta ga fuskokinmu, sai dariya ta kama ta, irin wadda take zuwa da hawaye, har sai da ta ajiye farantin don kada ya zube.

“Baba, ni na mayar da shi haka. Tsayar da shi na yi. Injin rawaya yake karantawa.”

Ta zura farantin a wani inji mai kama da firinta, ya yi 'yar ƙara, lambobi suka fito a kwamfuta. Ta ɗauko takardar da ta zo a cikin akwatin ta riƙa duba nan tana duba can, leɓenta yana motsi. Ta kira wata abokiyar karatunta ita ma ta duba. Sannan ta cire safar hannu, ta zo har bakin ƙofa, ta ɗan rusuna.

“Yana da rai, Baba. Babu abin da ya same shi. Bargunanku ne.”

Malam ya koma benci ya zauna. Ya ce alhamdulillahi sau uku, na farko a ciki, na biyu a fili, na uku da cikakkiyar muryar Bompai, har wani malami ya buɗe ofis ya leƙo. Ya sa Rufaida ta tabbatar masa cewa jinin mutanen Challawa ma lafiya yake, ta ce wannan ai turaka ma ba ta yi masa yawa ba. Ta ce gobe za ta fara na mutane, cikin kwana tara ta gama in wuta ta zauna. Ya ce in ba ta zauna ba a kawo, amma a kawo da Rufaida kanta, ko da takarda, ko da kowa ma in dai ba Sule ba.

Ta gama a kan lokaci. Abin da ta gano kuwa ba zan faɗa ba, an hana ni ɗaukar saƙon da ya shafi ilimi, kuma na yarda da hukuncin. Malam yana nan da mukullinsa. Yanzu duk wanda ya kawo ajiya, ko kan rago ne, sai ya tsayar da shi a bakin ƙofa ya tambaye shi sanyi yake so ko ƙanƙara, mutane suna ta mamakin abin da ya same shi.

A hanyarmu ta komawa ran nan, mun kusa shiga Sharada ya ce in tsaya. Na tsaya. Ya sauka wurin wata mai gurasa, ya ci uku a tsaye da ƙuli da mai, ya sha ruwan leda biyu, ya wanke hannu, ya dawo ya rufe ƙofa. Ya gyara zama. Sannan ya fara. Ya ce mutum da furfura a gemu a ba shi jimla biyu ya zubar da ɗaya a hanya. Ya ce da bakina inji ne da kamfani bai sayi janareta ba. Ya ce ɓerayen Turai da nake yi wa dariya sun fi ni riƙe aiki, su an ce su kama abu ɗaya sun kama. Na wuce get ɗin kamfani da gangan, na miƙi hanyar Panshekara don kada in katse shi, ina tuƙi a hankali ina cewa haka ne, Malam, gaskiya ne, ƙara.